Ciwon mummuƙe: kada haƙori ya biya laifin gaɓa

Akwai wani ciwo da ba a cika zancensa ba, alhali ya hana mutane da yawa jin daɗin tuwo. Shi ne ciwon mummuƙe, wanda wasu ke ce ma muƙamuƙi. Ba ya kwantar da mutum kamar masassara. Mai shi yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa. Amma in ya kai loma baki sai ya yamutsa fuska. In hamma ta zo masa sai ya tare ta da hannu don tsoro.

Da ranin 2023, cikin yawon aiki, na haɗu da wata mata mai kimanin shekara 35 a wani ƙauye na jahar Maradi. Ta yi wata takwas tana fama da ciwo a gefen fuska na dama, tun daga kunne har haƙoran tauna. Ranar kasuwa aka kai ta wurin mai cire haƙori, ya cire ɗaya. Ciwo bai tafi ba. Bayan wata biyu ya cire na kusa da shi. Ta kwance bakin zane ta nuna mini su: haƙora biyu farare tas, babu rami, babu ruɓa. Ciwon kuwa yana nan inda yake. Sai da majo na gidan likita ya ɗora yatsa gaban kunnenta, ya ce ta buɗe baki, ta yi ƙara, sannan aka gane haƙoran ba su da laifi. Gaɓa ce da tsokokinta suka gaji.

Ga ra'ayina tun da fari. Mafi yawan ciwon gaɓar mummuƙe yana sauƙi da hutu, da gashi, da tausa, da barin wasu ɗabi'u. Hannun gwani yana taimako, amma babban aikin na mai ciwon ne. Kuma duk maganin da in an yi shi ba a iya mayar da abu yadda yake, kamar cire haƙori, ko tsaga, ko fiɗa, bai kamata a fara da shi ba.

Mu san gaɓar tukuna

Ɗora yatsa gaban ramin kunnenka. Buɗe baki, ka rufe. Abin da ka ji yana motsi shi ne kan ƙashin mummuƙe, inda ya haɗu da ƙashin kai. Gaɓoɓin biyu ne, dama da hagu, kuma ƙashi ɗaya suke riƙe, don haka ɗaya ba ta motsi sai da ɗayar. Tsakanin ƙasusuwan akwai wani ɗan faifai na guringuntsi. Aikinsa kamar na gammo ne tsakanin kai da tulu. In ka fara buɗe baki gaɓar tana juyawa kamar ƙyaure. In ka ƙara buɗewa sai kan ƙashin ya zame gaba tare da gammonsa. Tsokoki masu ƙarfi ne ke jan ta: ɗaya a kunci, ɗaya a gefen kai tsakanin ido da kunne, wasu kuma can ciki bayan haƙora.

Yawancin gaɓoɓin jiki suna samun hutu in mutum ya zauna. Wannan kuwa tana aiki wajen ci, da sha, da magana, da dariya, da haɗiyar miyau. Ga wasu ko cikin barci ba ta hutawa, domin suna gurza haƙora ba su sani ba. Sai mai kwana kusa da su ya ba su labari.

Ciwon ba na ƙasa ɗaya ba ne. A Amurka, ma'aikatan binciken lafiyar baki sun ƙiyasta cewa yana taɓa mutum 5 zuwa 12 cikin 100. Ya fi kama mata, ya kuma fi yawa tsakanin shekara 20 da 40. A wurinmu abubuwan da ke gajiyar da gaɓar ba ɓoyayyu ba ne. Ga goro daga safe har dare, kullum a gefe guda. Ga goruba, da aya busassa, da rake, da kilishi, da gasasshiyar masara, da fasa ƙashi don ɓargo. Ga samari da cingam. Ga masu buɗe kwalba da haƙori, da masu datse igiya da baki suna ɗaurin kaya, da masu maƙale tarho tsakanin kunne da kafaɗa suna tuƙin babur. Bayan waɗannan duka akwai damuwa. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa tun kafin bazara yakan kwana da haƙora a cije. Da safe ya tashi da ciwon kai da nauyin baki, ya ce sanyi ne.

Yaya za a bambanta da ciwon haƙori? Haƙori mai ciwo yakan yi zogi in ruwan sanyi, ko shayi mai zafi, ko zaƙi ya taɓa shi. Sau da yawa akwai rami, ko kumburin dasashi, kuma in an ƙwanƙwasa shi mai shi zai zabura. Ciwon gaɓa kuwa yana tashi ne da tauna, da hamma, da doguwar magana. In ka danna tsokar kunci ko gaban kunne, sai ka ji ciwon nan da ka sani ya motsa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne tsokar kunci in ta gaji tana aika zogi cikin haƙoran tauna da cikin kunne. Shi ya sa wani ke cire haƙori, wani ke ɗiga mai a kunne, duk a banza. Akwai kuma awo mai sauƙi: jera yatsunka uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In sun shiga ba wahala, baki yana buɗewa daidai, wajen santimita 4 ke nan. Ƙarar "ƙas" da wasu ke ji in suna tauna, in babu ciwo tare da ita, ba ta bukatar magani. Gammon ne ke ɗan zamewa ya koma.

Ciwon da ba a jira da shi

Kafin mu ci gaba, dole in tsaya a nan, domin ba kowane ƙagewar baki ne gajiya ba. In mutum ya ji rauni da fartanya, ko ƙaya, ko ƙusa, sannan bayan kwana 3 zuwa 21 bakinsa ya fara ƙin buɗewa, wuya ya sandare, wannan alamar tetanos ce, wadda ake ce ma sarƙe-haƙora. Tana kisa. Haka jaririn da ya fara shan nono lafiya, sannan ya kasa kama mama cikin makonninsa na farko. In kunci ya kumbura da masassara, haɗiya ko numfashi na wuya, ruɓar haƙori ce ta bazu. In yaro ƙarami, musamman ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, ya sami gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kunci, a ji tsoron ciwon noma mai cin fuska. Cikin ƴan kwanaki yake ɓarna, kuma waɗanda suka tsira sau da yawa bakinsu yakan ƙage. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2023.

Haka nan wanda ya faɗi daga babur, ko jaki ya harbe shi, ya ga haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba, karaya ce sai an tabbatar ba ita ba ce. Wanda ciwon mummuƙe ya zo masa tare da nauyin ƙirji da zufa, zuciya ce ake tuhuma. Dattijon da ya wuce shekara 50, tauna na gajiyar da shi, gefen kai na ciwo, gani na dushewa, yana iya rasa ido in an yi jinkiri. Duk waɗannan, babu gashi, babu tausa. A nufi likita ranar nan.

Masu magani da hannu na ƙasashen Turawa

A Amurka da Turai akwai wata hanyar magani da hannu da ake kira ostiyopati, kuma masu ciwon mummuƙe da yawa suna zuwa wurin masu yin ta. Wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, shi ya kafa ta a 1874. Shekara goma kafin nan sanƙarau ya kashe masa ƴaƴa uku, sai ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa. Ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jahar Misuri a 1892. Shi a ganinsa, yawancin cututtuka daga rashin daidaituwar ƙashi da gaɓoɓi suke. Ilimin yau bai gaskata wannan ba, domin ƙwayoyin cuta ke kawo sanƙarau, kuma tausa ba ta kashe su. Amma hanyar ta rayu, ta sake kama. Yau a Amurka masu wannan digiri cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani, suna fiɗa. A Ingila doka ta tsara aikinsu a 1993, a Faransa kuma a 2002. A waɗannan ƙasashe biyu yawancinsu da hannu kawai suke aiki.

Me suke yi ma mai ciwon mummuƙe? Suna duba yadda yake riƙe kai da wuya da kafaɗu, domin wuyan da ya miƙe gaba yana jan tsokokin haɓa. Suna danna ƙullin tsoka a kunci da gefen kai har ya saki. Suna sa safar hannu, su kai yatsa cikin baki ga tsokokin ciki. Suna kama mummuƙe su ja shi a hankali ƙasa da gaba don gaɓa ta sami sarari. Wani lokaci su ce mai ciwo ya tura haɓarsa a kan hannunsu na ɗan lokaci, sannan ya saki. Babu duka, babu fizga.

Shin yana amfani? An gwada. A Italiya, a 2010, an raba masu ciwo 50 gida biyu. Rabi aka yi musu wannan aikin hannu, rabi aka bi da su hanyar da aka saba. Cikin wata shida duka sun sami sauƙi, sai dai ƴan aikin hannu sun fi ƙarancin bukatar ƙwayoyi. Mutum 50 ba su da yawa, kada mu ɗora ma gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi nauyi shi ne na 2023. Wani kwamitin masana na ƙasashe da dama ya tattara gwaje-gwaje sama da 150 kan ciwon da ya kai wata uku ko fiye, ya buga shawararsa a mujallar likitoci ta BMJ a Ingila. Abubuwan da ya ƙarfafa su ne motsa gaɓa da hannun gwani, da danna ƙullin tsoka, da motsa mummuƙe da gyaran tsayuwa bisa koyarwa, da koya ma mutum yadda zai bi da damuwa da ciwo, da bayani da kwantar da hankali. Abubuwan da ya hana da ƙarfi sun haɗa da cire gammon gaɓar da fiɗa, da sa abin da ke sauya zaman haƙora har abada, da haɗa magungunan ciwo da ƙwayoyi masu sa maye.

Turawa ba su kai ga wannan ba sai da suka ƙone. A shekarun 1980, a Amurka, an sa ma dubban mutane faifan roba a madadin gammon gaɓa. Robar ta rududduge a ciki, ta ci ƙashi. A 1990 hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi, aka janye ta. A 1996 babban taron masana lafiya na ƙasar ya ce a riƙa farawa da magani mai sauƙi, wanda in bai yi ba ana iya barinsa ba asara.

To, ni ina yaba ma ostiyopati inda take tausa da motsa gaɓa da koyarwa. Ina ƙin ta inda wasu masu yin ta ke cewa suna daidaita ƙasusuwan ƙoƙon kai da taɓawar yatsa, ko suna warkar da kowace cuta. Bincike bai tabbatar da wannan ba. Kuma kada mai karatu ya ji baƙin ciki don babu irin wannan gwani a garinsu. Aikin da aka ga amfaninsa, masu gyaran gaɓoɓi da ake kira kine a manyan asibitocin birane suna yin irinsa. Ko a Faransa ma, gwani yana ganin mai ciwo awa ɗaya ne ko ƙasa da haka, sannan ya sallame shi da aikin gida. Sauran kwanakin mako, mummuƙe yana hannun mai shi.

Aikin gida

Abu na farko shi ne a koya ma baki hutu. Haƙoran sama da na ƙasa ba a yi su don su zauna a haɗe ba. Wajen tauna da haɗiya kawai suke gamuwa, kuma in an tara lokacin duka bai kai rabin awa ba a yini. Zaman hutu shi ne leɓɓa a rufe, haƙora a ware kaɗan, kan harshe a ganda bayan haƙoran gaba na sama. Yanzu da kake karatun nan, duba naka. Da yawa za su tarar a cije suke. Duk lokacin da ka tuna, ka saki. Wannan ya fi kowane magani wuya, domin ɗabi'a ce, amma shi ya fi biya.

Sai abinci. Mako biyu a ba gaɓa hutu: kunu, koko, fura da nono, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, fate, wake da ya dahu lugub, dankali, kabewa, ƙwai. Nama a yanka ƙanana a dafa sosai. Loma ta zama ƙarama, a riƙa tauna da gefe biyu. Cingam a bar shi gaba ɗaya. Wanda ba ya iya rabuwa da goro, ya ari magogin tsofaffi, ba abin kunya ba ne. Amma kada a zauna kan kunu wata da watanni. Gaɓar da ba ta aiki tana ƙagewa. In sauƙi ya samu, a koma abincin gida sannu sannu.

Gashi: a tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa, a matse, a ɗora gaban kunne da kunci minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini. Bayan gashi sai tausa. Cije haƙora sau ɗaya ka ji inda tsoka ta kumburo a kusurwar mummuƙe, sannan ka saki. Murza wurin da yatsu biyu, kana kewayawa, minti ɗaya ko biyu. Yi haka a gefen kai ma. Tausa ta yi daɗi-daɗi da ɗan zafi. In ta sa hawaye, ta yi yawa.

Motsa gaɓa kuwa ga yadda ake yi. Zauna ka miƙe baya. Ɗora kan harshe a ganda. Buɗe baki a hankali iyakar inda harshe bai rabu da ganda ba, ka rufe. In akwai madubi, duba kada haɓa ta karkace gefe. Yi sau shida. Sannan ka jawo haɓa baya kamar mai son yin wuya biyu, ka riƙe kaɗan, ka saki, shi ma sau shida. A maimaita sau shida a yini: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, lisha. Duka bai fi minti biyu ba.

Sauran ƙanana ne. In hamma ta zo, tokare haɓa da dunƙulen hannu. Kada a kwana rub da ciki. A rage shayi mai ƙarfi da kafe da dare. Tagumi kuma, ban da cewa ba ya cika rumbu, yana tura mummuƙe gefe guda.

Game da ƙwayoyi, farasetamol ya isa ga yawancin mutane. Babba kada ya wuce ƙwaya 6 masu miligiram 500 a yini da dare, kuma a raba su. Ibuforofen yana taimako na ƴan kwanaki, bayan cin abinci, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai ciki. A tambayi majo, a saya a farmasi. Tramol na masu talla a faranti kuwa, ina roƙon ku ku nisance shi. Yana rufe ciwon na awoyi, ya bar mutum da jarabar da ta fi ciwon, har yakan kawo farfaɗiya.

Maɗori da wanzami

Wani zai ce, ai mu ma muna da masu aikin hannu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Akwai maɗoran da suka iya mayar da mummuƙen da ya goce wajen hamma, baki ya tsaya a buɗe: manyan yatsu kan haƙoran tauna, a danna ƙasa, a tura baya. Dabara ce tsohuwa, Misirawan dā sun rubuta irinta shekaru fiye da 3,500 da suka wuce, kuma likitoci na yin ta har yau. Duk da haka gidan likita ya fi, domin can ake iya gane gocewa daga karaya, kuma akwai allurar da ke sakin tsoka.

Inda nake jayayya da su shi ne ƙarfe da wuta. Jijiyar da ke motsa fuska tana bi ta gaban kunne, ba nisa da fata. Tsaga ko sakiya a wurin na iya barin mutum da karkataccen baki da idon da ba ya rufuwa. Askar da ba ta da tsabta kuma tana iya kawo tetanos ɗin da muka ambata. Haka ɓamɓare baki da cokali ko itace: tsokar da aka tilasta ƙara ƙullewa take yi, haƙoran gaba kuma su karye. Maɗorin da ya tsaya ga gashi da tausa mai taushi, ya kuma san ranar da zai ce "wannan ba nawa ba ne, ku tafi likita", abokin aikin majo ne.

In an yi mako uku ko huɗu ana wannan aikin gida babu sauƙi, ko baki na ƙara ƙagewa har yatsu biyu ba sa shiga, ko leɓe ya mutu, ko wani ƙulli ya fito, a je likita a nemi takardar zuwa wurin likitan haƙori ko kine. In an ce za a cire haƙori, mai shi yana da ikon tambaya cikin ladabi: "Wane laifi aka gani a jikinsa? A nuna mini."

Matar nan ta jahar Maradi na sake ganinta bayan girbi. Ta bar goruba da cingam, tana gashi safe da yamma, diyarta ce ke tuna mata in ta ga ta cije haƙora wajen daka. Ta ce ciwon yakan leƙo in ta kwana da tunani, amma yanzu tana cin tuwo har da ɗan nama. Da hagu take tauna, domin dama akwai giɓin haƙora biyu, kuma majo ya ce mata ta fara tara kuɗin sa na roba a birni kafin na kusa su karkata.